Tuƙar Marainiya

Daga gida

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya. Mu nan ga yadda muke. Babanki ƙafarsa ta yi sauƙi, har yana dogara sanda ya fita bakin ƙofa, amma tarin nan bai sake shi ba. Yayarki ta leƙo mu ta koma ɗakinta, yaranta lafiya sai ƙaramin da haƙori ke wahalarwa. Kawunki lafiyarsa ƙalau, bakinsa ma haka. Ni jikina lafiya, hankalina ne a tashe. Marainiya kuwa ba ta da lafiya ko kaɗan, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Bari in tuna miki, don na lura ku 'yan makaranta kuna da saurin mantuwa. Kin zo hutu fuska a murtuke, kika ce cuta ta shiga tumakin gonar makarantarku an rufe ta, kuma in ba ki samu dabbobin da za ki yi bincikenki na fita ba, sai kin ƙara shekara. Na ce ga nawa guda shida. Kika raba su biyu. Uku, har da ƙaton ragon nan, kika bari a rumfar gaba. Uku kika kulle a ɗakin baya, kika zura musu roba a maƙogwaro, kika ɗura musu wani ruwa mai kumfa kamar na wanki. Kika ce a tumbin tunkiya akwai wasu halittu da ido ba ya gani, za ki kashe su ki ga yadda abinci zai narke in babu su. Na roƙe ki ki tsame Marainiya, tunkiyar da uwarta ta mutu wurin haihuwa na raine ta da kwalba a kan cinyata. Kika ce ƙuri'a ce ta faɗa kanta, wai a bincike ba a zaɓe da son rai. Na ƙyale ki don kada a ce na hana 'yata karatu.

To ga abin da ƙuri'arki ta jawo. Tun da kika juya baya take tsakurar harawa kamar wadda ake roƙo. Kwiɓinta ya faɗa. Kashinta in na murje da tsinke sai in ga karan harawa a ciki, yadda ta ci shi haka ya fito. Sauran biyun sun ɗan farfaɗo, ita ce ta ƙi. Da na ga haka sai na ƙara mata dusa da tsakin masara safe da yamma, wannan kam tana ci har da lashe kwano. Amma har yanzu idonta bai yi mini ba.

Ki rubuto ki faɗa mini yaushe za ki zo ki gyara abin da kika ɓata. Direban motar kaya ne zai kawo miki wannan, ki ba shi amsa ya dawo da ita.

Innarki

Daga makaranta

Inna,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin ƙafar Baba. Tarin nan ku kai shi asibiti, ku daina jira. A gaishe da Yaya da Kawu. Ni lafiya, sai jarrabawa da ta matso.

Inna, wa ya ce ki ƙara mata tsaki? Da hannuna na auna miki abincinsu, na nuna miki kwanon, na ce ko ƙwaya ɗaya kada a ɗora. Na rubuta na manna a ƙofar ɗakin. In rubutuna ya yi miki ƙanana, da sai ki sa Yaya ta karanta miki.

Bari in sake yi miki bayani, ki bi shi a hankali. Tumbin tunkiya kamar randa ce da ake jiƙa abu a ciki. Ba tunkiyar ce ke narkar da ciyawa ba, halittun da ke cikin randar ne. Akwai ƙanana ƙwarai, su ne ke yin yawancin aikin. Akwai waɗanda suka ɗan fi su girma, muna kiransu furotozowa, su na kashe. Manyan nan cinye ƙananan suke yi. In babu su, ƙananan sai su yi yawa, su gangara hanji su zama nama da gashi a jikin dabba, iskar da take fitarwa a gyatsa kuma ta ragu. Wannan ne amfanin da nake son aunawa. Amma manyan suna taya farfasa kara mai tauri, don haka karan da kika gani a kashinta ba ciwo ba ne, na san za a gan shi. Sannan su ne ke haɗiye garin hatsi su riƙe, don kada ya yi tsami lokaci ɗaya. Yanzu babu mai riƙewa. Duk tsakin da kika zuba mata, tsami yake zama a cikinta. Da hannunki kike ƙona mata tumbi kina kiran abin tausayi.

Ki daina yau ɗin nan. Harawa kawai, sai ruwa mai ɗan kanwa. Kuma ina ƙara jaddadawa: na ɗakin baya da na rumfar gaba kada su haɗa komin cin abinci, kada su haɗa bokitin ruwa.

Ba zan iya zuwa ba sai na gama jarrabawa. Idan abin ya fi ƙarfi har ya kai ga yanka, kada ku bari a zubar da tumbin. Ki sa mahauci ya tace ruwan cikin a kwalba mai tsabta, ya toshe, a ajiye mini a wuri mai sanyi.

Auta

Daga gida

Auta,

Sallama wajibi ce, to na yi. Babanki yana nan da tarinsa, ya ce asibiti sai ƙafa ta ƙara ƙwari. Sauran mutanen gida lafiya.

Na karanta wasiƙarki ni kaɗai, ban kira yayarki ba. Da furfura a kaina na zauna a benci na koyi baƙi da wasali, yara suna leƙe ta taga suna dariya, don kada wani ya shiga tsakanina da maganar 'ya'yana. Takardarki ta ƙofa na karanta ta tun ranar da kika manna. Sai dai takarda ba ta kallon idon dabba. Ni nake kallo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarshen wasiƙar. Tunkiya tana numfashi, ke har kin kira mata mahauci kin tanadi kwalba. Ko sannu ba ki ce a yi mata ba. Ashe ruwan cikinta kike so, ita kuwa ko oho. Na karanta wa babanki wurin, ya ce ba haka kike nufi ba. Na ce to ya nuna mini inda kika rubuta abin da kike nufi. Sai ya juya fuska bango.

Kin ce ni na ƙona mata tumbi. Tun ba a haife ki ba nake ba tumaki dusa da tsaki, babu wadda ta taɓa kumbura a hannuna, sai da kika zo da ruwan wankinki. Ke kika kori masu gadin, yanzu kuma mai kawo abinci ce da laifi.

Na janye tsakin, na ba ta kanwar. Ga yadda take yanzu, tunda aunawa kike so. Gefenta na hagu ya tashi, in na tura da hannu sai in ji ruwa yana kaɗawa a ciki. Tana zawo mai warin tsami. Tana cizon haƙora, ana ji daga tsakar gida. Ta daina tuƙa gaba ɗaya. Na ja kujera na zauna gabanta tun safe har rana ta take, muƙamuƙinta bai juya ba ko sau ɗaya. Ke da kike karatun dabbobi kin san abin da wannan ke nufi.

Ki nemi izini ki zo. Malamin naku ba shi da uwa ne, da ba zai gane ba? Jarrabawa in an rasa ta ana sake ta. Ki zo.

Innarki

Daga gida

Auta,

Assalamu alaikum. Babanki ya yarda an kai shi asibiti, sun ba shi maganin sha, tarin ya ragu. Ƙaramin yayarki haƙori ya fito. Ni ina da ciwo a yatsa, za ki ji dalili.

Na yi kwana da kwanaki ina zaginki a zuci don ba ki amsa ba. Sai ga direba ya ce motarsa ta lalace a hanya, wasiƙata tana nan a aljihunsa. Wataƙila biyun tare za su iso miki. Zagin dai ban janye ba, don na san abin da za ki ce ko da ta iso.

Albishirinki. Marainiya tana tuƙa.

Ga yadda aka yi. Kawunki ya shigo ya same ni a ɗakin baya, ya duba ta, ya buɗe bakinta ya shinshina. Ya ce, "Uwar 'yar boko, tunkiyar nan tumbinta ya mutu. Ki bari a kira mahauci kafin ta zama mushe."

Na ce, "Kai da 'yarka bakinku ɗaya. Fita mini daga ɗaki."

Ya ce, "Ni me na yi? Ita ce ta yi wa tunkiya wankin ciki kamar kwano."

Na ce, "In ba ka da magani ka fita."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "To sai dai a ara mata tuƙa, yadda tsohonmu yake yi wa saniya in ta ƙi ci. In kina da ƙarfin hali."

Muka je rumfar gaba muka tsuguna gefen ƙaton ragon, muna jira ya dawo da abin da ya haɗiye. Ana ganin dunƙulen yana hawowa ta wuyansa. Da ya iso baki, kawunki ya cafke masa maƙogwaro don kada ya mayar, ya ce, "Sa hannu! Sa hannu mana!" Na zura yatsu ta gefen baki na kwaso. A na biyu ragon ya datse mini yatsa da haƙoransa na ciki, na ƙwalla ƙara. Kawunki yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Ya gane ɓarauniyarsa." Babanki daga ɗaki yana tambaya wa aka yanka. Haka muka yi ta yi har na tara cikin tafin hannu. Na dama da ruwan ɗumi, na tace da tsumma mai tsabta, na zuba a kwalba na ɗura mata kaɗan-kaɗan don kada ta ƙware. Warin abin har yanzu bai bar zanena ba. Muka yi ta maimaitawa kullum da safe, har ragon ya zama in ya hango ni sai ya haɗiye tuƙarsa ya juya mini baya.

Jiya ina shara a ƙofar ɗakin na ji gyatsa. Na waiga, sai ga ta a kwance ta naɗe ƙafa, muƙamuƙi yana juyawa a hankali, ido a lumshe. Na yar da tsintsiya na zauna a ƙasa ina kallonta. Yau ta cinye harawarta tas, zawon ya tsaya.

Da na ga abin ya yi aiki, sauran biyun ma na ɗura musu don kada su bi sahunta. Kada ki tayar da hankalinki. Ban haɗa su a komi ba, ban haɗa su a bokiti ba, kwalbar ma kullum sai na wanke. Dokarki tana nan ba a taka ta ba. Kwalbar mahaucin kuwa ki nemi wani abin ki zuba.

Innarki

Daga makaranta

Inna,

Ina gaisuwa. Na gode wa Allah da sauƙin Baba. Yatsar ki wanke da ruwan gishiri, cizon dabba ba abin wasa ba ne.

Wasiƙunki biyu tare suka zo. Na karanta ta farko ina kuka, har na fara haɗa kaya. Na karanta ta biyu, sai na zauna a kan jakar.

Inna, kin san abin da kika ɗura musu? Halittun da na kashe ɗin nan, su ne cike a tuƙar ragon. Ta yawu suke bi daga dabba zuwa dabba, shi ya sa na ce kada a haɗa komi, kada a haɗa bokiti. Ina tsoron ɗigon yawu, ke kuma kin ɗebo daga tushe kin dama kin ɗura musu da kwalba. Har kina cewa kin wanke kwalbar! Marainiya dai a ce ciwo ne ya sa. Sauran biyun me suka yi miki? Lafiyarsu ƙalau, suna ci, suna ƙiba, su ne ma za su nuna abin da nake nema. Yanzu tumakin ɗakin baya da na rumfar gaba duk ɗaya suke. Babu abin da zan kwatanta da wani. Duk wahalar da na sha ta tashi a banza.

Na je wurin malamina. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Kallona kawai ya yi ya ce shi ya sa ba a bincike a gida. Ya ba ni zaɓi biyu. Ko a sake ɗura wa ukun nan maganin yanzu a faro daga farko, in samu sakamako kafin a rufe zango, ko in jira baɗi. Abokan karatuna su fita, ni in zauna. Kuma dole su ukun nan ne, har da Marainiya, don awonsu na farko ne a hannunmu.

Kin ce ruwan cikinta nake so. Sau nawa na tashi na dama mata madara lokacin da bayanki ya riƙe? Na ce a ajiye ruwan ne don in ta mutu kada ta mutu a banza. Ba na cewa ki yarda. Amma da kin bar ta a kan harawa da ba ta kwanta ba, wannan ko ba ki so ki ji, gaskiya ce.

Jarrabawa ta hana ni motsi. Zan turo ma'aikacin ɗakin gwajinmu da maganin, ya fi ni iya zura robar. Don Allah ki buɗe masa ƙofa, kuma Kawu ya yi nesa da ɗakin baya. In kina so in fita bana, abin da za ki yi ke nan.

Auta

Daga gida

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Babanki da sauƙi. Yatsa ta kumbura ta sace. Tumaki shida lafiya, suna ci suna sha, abin da ke ba ki haushi ke nan.

Kin ce ta yawu suke bi. Yanzu na ji. Me ya hana ki faɗa tun farko? Kin cika takarda da randa da manya da ƙanana, amma da kika zo kan komi da bokiti sai kika ba da umarni kawai, kamar kina magana da lebura. Kada a yi kaza, kada a yi kaza. Ni ba a ba ni dalili, sai dai in ɗauki kwano in auna. To wanda ba a faɗa wa dalili ba, da hankalinsa yake aiki. Kuma in kina so ki sani, ko da na san dalilin, Marainiya sai na ɗura mata. Sauran biyun ne wataƙila da na ƙyale.

Ma'aikacinku kada ya wahalar da kansa. In ya zo zan ba shi ruwa ya sha a bakin ƙofa, in nuna masa hanyar tasha. Baƙo ba zai zura wa tunkiyata roba ya hau mota ya tafi, ya bar ni ina sauraron cizon haƙora ba. An yi mini haka sau ɗaya, kuma wadda ta yi 'yata ce.

Kawunki ya ce in ba shi su ukun ya haɗa da garkensa, don ranar Juma'a zai kwashe dabbobinsa zuwa gonarsa ta nesa, sai bayan damina za su dawo. Ya ce, "Ki raba kanki da fitina, ta je ta yi wa tumakin gwamnati wanki." Babanki ya tashi zaune ya ce in na yi haka na karya ki. Muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Ban ba ko ɗayansu amsa ba, don amsar a wurinki take.

Ba na so ki ƙara shekara. Ban tura ki makaranta don ki ga bayan abokanki ba. Saboda haka ga abin da na yanke, kuma ba ciniki nake yi ba.

Ki gama jarrabawarki ki zo da kanki, da maganin a jakarki. Ni zan riƙe kan Marainiya, don in ba ni ba, ba za ta tsaya ba. Ke za ki zura robar, tana kallonki. Bayan haka babu komawa washegari. Kujerar nan da na zauna a kai tana nan a ɗakin baya, ke za ki hau ta. Ke za ki auna harawa, ke za ki kwashe kashi ki murje, ke za ki ji in ta fara cizon haƙora. Ni ko kwano ba zan taɓa ba, balle ki ce na ƙara wani abu. Ba za ki bar gidan nan ba sai kin ga muƙamuƙinta yana juyawa da idonki. In kuma ta kwanta irin na da, ke da kanki za ki tsuguna gaban ragon ki sa hannu a bakinsa, binciken ya tafi inda zai tafi. Ki faɗa wa malaminki haka. In ya ce ba a yin bincike haka, ki ce masa tumakin ba nasa ba ne.

Ban ba direba wannan ba, na ba matar mai shagon magani da za ta zo garinku, hannu da hannu za ta miƙa miki. Kada ki rubuto mini bayani, na ƙoshi da bayani. Kalma ɗaya ta isa: za ki zo, ko ba za ki zo ba. Ta iso ni kafin magaribar ranar Alhamis. In rana ta faɗi ban gan ta ba, Juma'a da safe da hannuna zan ɗora su a motar kawunki.

Innarki